Ƙwaryar Gyada a Ɗakin Shan Magani

Ranar kasuwa ce a Gwaram, kakar 1977. A bakin ɗakin shan magani wani dattijo na tsugune, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗa, gabansa ƙwarya cike da gyada. Matarsa na kwance a tabarma kusa da shi, tari na girgiza ta.

Ya zaro kati daga jakar fata, ni da ke jiran magani a gefensa na leƙa: Barau Kwandiko, Asusun Maganin Manoman Gyada, 1961. A farkon mulkin kai, manomi kan kawo mudu guda duk kaka, iyalinsa su sha magani har shekara ta zagayo. Hatimi ya cika katin gaba da baya. Ina zaton bai taɓa tsallake kaka ba.

"Baba, ai asusun nan ya rushe bayan kakar bara, tun da gyada ta mutu," in ji malamin asibiti. "Yanzu zamanin fetur ne, gwamnati ke aiko magani. Watan nan kuwa mota ba ta zo ba."

"Ni ba wanda ya gaya mini, Malam," in ji dattijon. "Gyadar ma a kasuwar Sara na sayo, tawa ba ta yi ba. Matata Mero ce ba ta iya barci."

Malamin ya daɗe yana kallon katin. Can ya buɗe akwati, ya ɗauko kwalbar allura ɗaya da ta rage, ya yi wa Mero.

Dattijon bai miƙe ba sai da aka lalubo tsohon hatimin a ƙasan durowa, aka buga masa na bana.