Murfin Haƙorin Mama

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori kusa da Gada Biyu, ban san kowa a Jos ba. Aurena ya mutu, 'yata tana Bauci wurin mahaifiyata, ni kuma na kama ɗaki a unguwar Ali Kazaure. Aikina a ɗakin baya yake, inda ake wanke kayan aiki. Tagarsa ɗaya, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Sai in wuni ban ce wa kowa uffan ba, in ban da "to, Oga" idan likita ya leƙo.

A lokacin dashen haƙori baƙon abu ne a garin, jefi-jefi ake samun mai so. Akan huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wani ɗan ƙarfe kamar noti, a rufe kansa da murfin da bai kai ƙwayar masara ba, a bari dasashi ya warke ya kewaye shi, sannan a ɗora haƙorin. Likita ya gaya mini naman dasashi akwai ƙyanƙyami. Ƙananan ƙwayoyinsa ba sa manne wa ƙarfe sai yana fes. Da sun tarar da busasshen jini ko ragowar abinci sai su ja da baya, wurin ya kumbura. Haka ma idan an kankare ƙarfen da ƙarfi har ya karce.

Cikin waɗanda aka yi wa dashen akwai wata tsohuwar malamar firamare daga Anguwan Rukuba, kowa Mama yake ce mata. Ɗanta da ke Legas ne ya kawo ta, aka gama ya koma. Ba a jima ba ta dawo dasashinta ya yi jajir, da an taɓa sai jini. Hannunta rawa yake, ba ta iya kai burushi wurin, kuma ita kaɗai ce a gida. Likita ya ce ta riƙa zuwa duk Laraba har wurin ya lafa.

Idan ta zo sai ya kwance murfin, ya wanke mata wurin, ya sa mata wani na wucin gadi, ya miƙo mini nata a ɗan tasa. In jiƙa shi, in goge da burushi mai laushi, in ɗauraye, sannan in sa a tukunyar tururi. Abin yana ɗaukar lokaci. Mama ta ce sanyin ɗakin jira yana shiga mata ƙashi, don haka ta jawo kujera bakin ƙofata inda ɗumin tukunyar ke kaiwa.

Da auduga a baki ma ba ta fasa hira ba. Ta ba ni labarin marigayi mijinta da ya yi aikin kuza, da yaran da ta koyar waɗanda yanzu suke wuce ta a kan acaɓa ba su gane ta ba. Hausarta irin ta Jos ce, "kai" take ce mini maimakon "ke". Wata rana ta dube ni ta ce, "'Yata, wa kake ci abinci da shi?"

Na ce, "Ni kaɗai, Mama."

Ta ce, "Ni ma."

Larabar da ta biyo ta zo da gwate, irin faten Jos, a kula, abin da bakinta ke iya ɗauka ke nan. Muka zauna a matakalar bayan asibiti muka ci. Daga nan ya zama al'ada. Ni ma nakan dafo fate tun da safe.

Sannu a hankali ja ya ragu, jinin ya tsaya, dasashin ya kama wuyan murfin ƙam. Likita ya kira ni in gani, yana ta murna. Na yi murna ni ma, amma na san abin da hakan ke nufi: Mama ta kusa daina zuwa. Aka ɗora haƙorin, ta kalli madubi ta yi dariya ba ta rufe baki da hannu ba. Da za ta tafi ta kwatanta mini gidanta, bayan wani coci, mai bishiyar fiya a tsakar gida. Ta ce, "Ka zo fa."

Kafin in je gari ya rikice, kowa ya daina shiga unguwar da ba tasa ba. Sai da aka samu lafawa na hau acaɓa wata Asabar. Na gane gidan, amma da kwaɗo a ƙofar. Wata maƙwabciya mai tumatir a faranti ta ce ɗan Mama ya zo ya tafi da ita tun kwanakin rikicin, kuma ba ta da lambarsa. Ta tambaye ni ko 'yar uwa ce, na ce daga asibiti nake. Ta turo mini benci na ɗan zauna. Hadari ya taso ta bayan duwatsu, na yi mata sallama na fito titi. Ban sake jin labarin Mama ba.