Yaya Sa'a da rigar nutsona ta uku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Sa'a ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye ina jiran bas zan tafi aiki. 'Yarta Nana ce ta kira. Har bas ɗin ta zo ta wuce ban motsa ba.

Mun san tana jinya, amma wallahi ban taɓa kawo wa raina yau ba.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun sha ganin hotonmu, mata biyu cikin baƙaƙen riguna a bakin ruwa, muna ta washe baki alhali sanyi na kaɗa mu. 'Yar gajeriyar nan mai gilashi ita ce Injiniya Sa'adatu. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma Yaya nake ce mata, kuma ta ci sunan.

A wurin wani suna muka haɗu a unguwar Handsworth ta Birmingham, shekarar da na yi ɓari. Lokacin ban daɗe da zuwa Manchester ba. Maigidana kullum yana asibiti, aiki ya yi musu yawa, ni kuwa na kulle kaina a gida. Ranar ana ta hira ina gefe. Sai ga ta da farantin waina, ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Ƙanwata, kin iya ruwa?"

Na ce ni 'yar cikin birnin Kano ce, ruwan da na sani na bokiti ne.

Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ita a Yawuri aka haife ta, a bakin kogi ta yi wayo. "Zo in koya miki. A ƙarƙashin ruwa ba mai tambayarki ya jiki, ya haƙuri."

Haka na fara hawa jirgin ƙasa ranar Asabar zuwa Birmingham. Ta koya mini iyo a lokacin da ake ware wa mata, daga baya ta kai ni kulob ɗinsu na masu nutso. Da aka shiga rufe wurare saboda gwamnati ta tsuke bakin aljihu, wurin iyonmu ma bai tsira ba. Ba ta tsaya ƙorafi ba, ta nemo wani a can nesa, ta riƙa cika motarta da mu.

Sai aka zo maganar fita ruwan waje, wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Kududdufin Turawa take ce masa.

Ruwan ƙasar nan ba a shigarsa da wasa, sai da drysuit. Riga ce da ke rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, da roba a wuya da hannuwa don kada ruwa ya shiga, ana kuma hura mata iska daga tukunyar da ke bayanka. Yaya Sa'a kan ce in ka ɗora hularta, ko malamin Islamiyya ba shi da ta cewa.

Ta farko da na saya ta wani babban kamfani ce, wadda kowa a kulob yake sawa. Ga kyau ga ƙarko. Amma don dogayen mata marasa ƙugu aka yanka ta. Wadda ta shige ni a ƙugu, ƙafafunta sun yi mini zololo. Yaya ta ce in mayar musu da ita, na ƙi. Ranar gwaji iska ta taru a ƙafafun, sai ji na yi na juye, kai ƙasa ƙafa sama. Yaya ce ta cafko ni ta miƙar da ni.

Na kira kamfanin. Yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi, amma magana ɗaya take maimaitawa, wai in gwada ta gaba da ita a girma. Yaya ta karɓi wayar ta ce mata, "'Yata, jikinta ba shi da laifi. Rigarku ce ba ta san da irinmu ba."

Gaskiya sun karɓi kayansu ba gardama. Abin da zai yi mini ne ba su da shi.

Ta biyu a intanet na samo ta. Ba nauyi, ga laushi, ta kuma zauna mini a ƙugu, har na fara murna. Ashe robar wuyan ta yi mini yawa. Muna sauka ƙasa na ji ruwa na tsiyaya ta ƙeyata kamar ana zura mini ƙanƙara. Na fito haƙorana na haɗuwa, na shige mota na fashe da kuka, na ce na daina, dama ba a yi ni don wannan ba.

Yaya ta biyo ni cikin motar. Ta zuba mini shayi mai citta da kanumfari, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta ta lulluɓe su da rigar sanyinta. Sai da na daina rawar ɗari ta ce, "Rukayya, ruwa bai ƙi ki ba. Tela ne ba mu samu ba."

Wancan kamfanin kuwa mun rubuta mun gaji. Amsa ɗaya ke dawowa, wai saƙonmu yana da muhimmanci a wurinsu.

Yaya ce ta binciko na ukun. Wani ɗan shago ne a arewacin ƙasar nan, kusa da teku, na wani dattijo da matarsa. Tun kafin mu je ta kira ta ce mace muke so ta yi awo. Muna isa tsohuwar Baturiyar ta tura mijinta dafa shayi, ta rufe ƙofa. Tun da na bar telanmu na Fagge ba a auna ni da natsuwa irin haka ba. Ta sa na durƙusa, na miƙa hannu, na sunkuya, tana aunawa tana tambayata yadda nake ji.

Rigar ta daɗe ba ta iso ba, kuma ba ta kai ta farko kyau ba. Da robar hannun ta matse ni, tsohuwar ta ce mu kawo, ta gyara muna zaune muna hira.

Ranar da na shiga da ita, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Muka sauka a hankali, Yaya na riƙe da hannuna. Ruwan kore shar, kifaye na wucewa ba ruwansu da mu, ba abin da nake ji sai numfashina. Na yi kuka a cikin gilashin fuskata, amma ba irin kukan da na saba ba. Daga ranar na fara dawowa cikin mutane.

Bayan nan duk 'yar'uwar da ta tambaye ta wane kamfani ya fi, amsarta ba ta canzawa: "Bar ta sunan. Ta zauna miki? In ta yage, akwai mai ɗaga miki waya?"

Ganina da ita na ƙarshe wata Lahadi ce da rana, a gidanta na unguwar Erdington a Birmingham. Ta rame sosai. Ashe ta aika wa tsohuwar nan rigarta an rage mata, wai har matar kan kira ta ji ya jikinta.

Ta ce in taya ta sawa. Na ce, "Haba Yaya, a falo?"

"Ke dai ja mini zif ɗin."

A baya zif ɗin yake, mutum ba ya iya ja wa kansa. Na ja. Rigar ta yi mata cif, amma nauyinta ya fi ƙarfinta, sai ta zauna a kujera tana haki tana murmushi. Rana na shigowa ta taga. Ta daɗe tana ba ni labarin kogin garinsu, da yadda kakarta ke hana su zuwa tsakiya.

"In na samu sauƙi gida za mu je, in ga abin da ke ƙasan kogin nan. Ruwan gida da ɗumi, Rukayya. Ba ma sai da wannan rigar ba."

Da zan tafi ta matsa sai ta raka ni bakin ƙofa. Na kai bakin titi na waiwayo, sai na ga ta haɗa babban yatsa da manuni ta ɗaga mini. Alamarmu ce ta ƙarƙashin ruwa: lafiya nake, ke fa?

Na mayar mata. Ban san sallama muke yi ba.

Yanzu haka ina cikin jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Nana ta ce mamanta ta bar wasiyya ina cikin masu yi mata wanka. Ban san yadda zan iya ba, amma zan yi.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Sa'adatu, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara. Ka shayar da ita daga tafkin Alkausara. Ka ba Nana da mahaifinta haƙurin rashinta.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai santa ba, ya tsaya ya yi mata addu'a. Ku sa ni ni ma a ciki.