Ranar da injin Yaya ya haska wakenmu

Goggona a ƙauyen Duvu take noman wake, kuma tana da tsarinta. Buhun da za a kai kasuwa ana zuba masa maganin ƙwari, a ɗaure bakinsa da baƙar roba. Na ci a gida kuwa toka da barkono kawai take sa masa, ta ɗaure da igiyar rama. Duk danginmu mun san wannan. Idan buhu ya iso mana Mubi, bakinsa muke dubawa, shi ke nan.

A shekarar nan namu ya zo a bayan mashin, da igiyar rama. Ba wanda ya yi tunanin komai.

Wata Asabar da safe Mama ta yi alale da shi. 'Yata, lokacin shekararta uku, ta cinye ɗaya da rabi tun kafin mu manya mu zauna. Sai ga yayata ta shigo. Tana aiki da wata ƙungiyar manoma, ta zo da wani ɗan inji kamar tocila mai allo, wai za ta yi caji don ofishinsu babu wuta. Da shi suke gwada hatsi. Yana harba siririn haske a kan ƙwaya, idan akwai guba allon ya nuna ja.

"Kawo waken Goggo mu ga ko ya ci jarrabawa," in ji ta, tana dariya.

Na ɗebo a murfin tukunya. Ta haska. Injin ya yi ƙara, allon ya yi ja.

"Abin nan naku ya lalace," in ji Mama.

Yaya ta daina dariya. Ta goge bakin injin da gefen zaninta, ta gwada shinkafarmu, ya nuna kore. Ta tura hannu can tsakiyar buhun ta ɗebo wani waken. Ja.

"Wa ya ci?" in ji Yaya.

Na juya na kalli 'yata. Tana zaune a ƙasa tana lasar ganyen alale. Na fizge ganyen da ƙarfi har ta fashe da kuka.

Sau shida ina kiran Goggo kafin ya shiga, netwok ɗin Duvu sai an hau tudu.

"Goggo, buhunmu, wa ya ɗaure shi?"

"Maigidana mana. Me ya faru?"

"Da me ya ɗaure na kasuwa?"

Na ji tana ƙwala wa mijinta kira. Ashe ranar roba ta ƙare masa, sai ya ɗaure sauran duka da igiyar rama, bai gaya wa kowa ba. Goggo ta fara salati tana kuka, ni kuwa na kashe wayar.

Mama tana ta cewa, "Ai na surfe shi, na wanke sau uku!" Na goya yarinyar, ko takalmi ban sa daidai ba, muka tare keke. A hanya ta yi amai a bayana, mai ɗumi, har cikin rigata. Ina kiran sunanta tana amsawa a hankali, kamar mai jin barci. Na ce wa mai keken, "Malam, don Allah taka!"

A asibiti Yaya ta nuna wa nas hoton allon, ta faɗa mata irin maganin da manoman can ke zubawa. Ba su ɓata lokaci ba, suka sa mata ƙarin ruwa da allura. Na zauna a bakin gadon ina kallon cikinta yana hawa yana sauka. Ta sake amai sau biyu. Duk shigowar nas sai in miƙe tsaye.

Wajen la'asar ta buɗe ido sosai, ta kalli robar da ke hannunta, ta ɓata rai.

"Mami, cire mini wannan. Ina jin yunwa."

Nas ta ce a ba ta shayi kaɗan kaɗan. Sai da ta shanye rabin kofi ya zauna a cikinta, sannan na zauna a kan siminti.