Barewar ƙanena da akuyar da na ɗauko

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Jurf a Madina, ni da Baba a tsohuwar motata, muka kama hanyar Yanbu. Ƙanena ne ya gayyace mu. Yana aikin kula da namun daji a tsibiran Banat Rih, kuma tun da ya samu aikin Baba ba shi da wata hira sai tasa. Ni da nake kai shi asibiti, nake yanke masa farce, sunana direba.

A Badar muka tsaya muka ci ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Baba ya tambayi mai shayin ko ya san tsibiran. Mutumin ya ce bai taɓa jin sunansu ba. Nan take Baba ya zayyana masa tarihin ɗansa, shayina ya huce ina saurare.

Daga gaɓa ƙaramin jirgin masunta ya tsallaka da mu. Tsibiran a jere suke, busassu, sai farin dutse da gajerun ƙayoyi. Ƙanena ya tarbe mu tare da ma'aikatansa cikin kakin aiki, rana ta ƙona shi, ya yi kyau har abin ya ba ni haushi. Baba na yi masa Hausa yana amsawa da Larabci. Da ni ne na yi haka a gida, da na sha faɗa.

Ya zaga da mu yana bayani. 'Yan asalin wurin su ne barewa, wata 'yar ƙarama da ba ta kai ta tudu girma ba, da jemagu a kogunan dutse, sai ayu da ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Sauran duk baƙi ne. Ɓeraye sun sauko daga jiragen ruwa, aka kawo maguna don su kama su, magunan suka koma cin ƙwan tsuntsaye. Awaki kuwa masunta suka sake su tun da daɗewa, suka hayayyafa, suna cinye ganyen tun barewa ba ta kai bakinta ba. Aikinsa a wannan shekarar shi ne kwashe awakin zuwa tudu.

Akwai wata 'yar barewa marainiya da yake shayarwa da kwalba. Duk inda ya sa ƙafa tana biye. Na karɓi kwalbar na durƙusa, ta shinshina hannuna ta juya ta koma bayansa.

"Dabba ma ta san mai albarka," in ji Baba.

Da rana aka kawo sayadiyya, shinkafa da kifin da aka kamo da safen nan. Ban taɓa cin irinta a Madina ba, amma da ƙyar ta wuce mini.

Da za mu koma, ruwa ya janye, jirgin ya tsaya nesa, dole a shiga ruwa zuwa gwiwa. Ƙanena ya durƙusa ya ba Baba baya don ya goya shi. Baba ya dube shi ya girgiza kai.

"Kai ba ka san inda ƙafar ke ciwo ba. Kirawo yayanka."

Na goya shi. Na ga fuskar ƙanena ta canza, ya tsaya riƙe da takalman Baba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai muna tsakiyar ruwa, Baba na bayana, bakinsa a kunnena, ya ce, "Ka ga yadda ma'aikatan nan ke girmama shi?"

Kafin jirgi ya tashi Baba ya roƙa a ba shi ɗaya daga cikin awakin da aka kama. A kujerar baya ta zauna har Madina, ta cinye gefen kujerar kafin mu kai Badar. Mun shigo gari ana kiran magariba.

Abin da na koyo shi ne kishin ɗan'uwa ba ya jin iskar teku, da shi na tafi, da shi na dawo. Na dai gano ƙanena ma yana da nasa, kuma ni yake yi wa. Akuyar tana nan a bayan gida. Ni nake sayo mata ciyawa, ni nake share wurinta. Duk baƙon da ya zo, sai Baba ya ce a kai shi ya ga akuyar da ɗansa ya ba shi.