Na Raba Mahaifina da Ciyayya

Edita, ni tsohon soja ne, kuma abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da aka sallame ni, bayan yaƙin basasa. Na koma ƙauyenmu a ƙasar Ajingi ina saurayi mai jini a jika, kaina cike da oda. A bariki an koya mini cewa in an ce a bar abu, to an bar shi ke nan, babu tambaya. Da wannan hali na shiga gidanmu, ina ganin kowa malalaci ne, ni kaɗai na san yadda ake gyara mutum.

Na tarar da mahaifina ba lafiya. Manomin gyaɗa ne, ƙaƙƙarfa, mai son mutane da raha. Tun kafin in dawo yake fama da ciwon kai da jiri, har ƙanensa ya kai shi asibiti a Kano, aka ce hawan jini ne. Baffan nawa ya shaida mini likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa rage gishiri da kanwa da maiƙo, goro da taba kuma a janye su sannu a hankali. Wannan sannu a hankalin ce ban yarda da ita ba. Na ce abin da ke kashe mutum ba a yi masa sassauci. Washegari na kwashe goronsa da battar tabarsa na watsa a masai, na hana sa gishiri da kanwa da daddawa da man shanu a tukunyar gidan. Mahaifiyata ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata in takaba take marmari to ta ci gaba. Shi kuwa Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Ni ne ɗan fari, kuma a wurinmu iyaye ba sa sa-in-sa da ɗan fari, ko sunana ba sa kamawa. Kunya ce ta rufe musu baki, ni kuwa na ɗauka sun yarda.

A unguwarmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da akushin gidansa ƙofar masallaci, a jera, kowa ya ci na kowa, ana hira ana zolaya. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin Baba ya ci tuwon dare a wani wuri ba sai nan. Da aka fara yi mana miya lami, akushinmu ya riƙa dawowa kusan yadda ya fita. Abokansa suka sa shi gaba, wai ko sojan da ya haifa ya ci gishirin gidan ganima ne. Yana dariya tare da su, yana kai hannu akushinsu. Da labari ya zo mini raina ya ɓaci ƙwarai. Na taka har wurin, na tsaya a kan dattawan da suka ga haihuwata, na ce musu guba suke ba ubana, kuma daga ranar a ɗakinsa zai riƙa cin abinci. Wani tsoho a cikinsu ya ce in ji tsoron Allah, mutum ba tuwo kaɗai yake ci a wurin ba. Ban saurare shi ba. Baba ya miƙe ya sa takalmansa, ya bi ni gida, bai dubi kowa ba.

Daga nan ya fara lalacewa a gabana. Yakan yi loma biyu uku ya ture akushi. Rahar ta tafi, fita ta ragu, daga salla sai ɗaki. Ya rame, ni kuwa ina murna wai kitsen banza ne ke narkewa. Abin da ban sani ba, ya daina shan maganin likita ma, sai ya karɓa ya ɓoye, don ni nake miƙa masa da hannuna kamar ina ba fursuna, shi kuma ya haɗa maganin da sauran dokokina ya tsane su gaba ɗaya.

Da kaka ta yi, ya ce zai kai gyaɗa kasuwar Ajingi. Na so in bi shi, Baffa ya ce in bar masa ko wannan. Waɗanda suka gan shi sun ce ya zauna wurin mai tsire ya ci har da ƙari, ya sayi goro da taba, ya yi ta hira da kowa kamar wanda aka sako daga kurkuku. A hanyar dawowa ya faɗo daga kan jaki. A amalanke aka kawo shi, baki ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Muka kai shi asibitin Gaya, aka tura mu Kano, aka ce mu koma gida mu yi haƙuri. Ya yi rani ya yi damina a kwance, ba ya magana, in na shiga ɗakin sai ya juya fuskarsa bango. A haka ya rasu.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyata ta kira ni, ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi mini irinta ba. Ta ce kafin in dawo, shi da kansa ya riga ya fara. Goron da yake ci ya raba shi biyu, taba sai bayan la'asar kawai, kuma shi ya ce mata ta riƙa rage gishiri kaɗan kaɗan yadda abokan ciyayya ba za su gane ba. Maganinsa bai taɓa tsallakewa ba, jirin ma ya fara sauƙi. Ta ce yana ta ɗokin in dawo in gani da idona, ko da ba zai iya faɗa mini ba.

Yau ni ma na tsufa, ciwon nan kuma ya same ni. Shekaru na yi kafin harshena ya saba da miya mai ƙarancin gishiri, goro kuwa har yanzu ina fama. Na gane cewa halin da mutum ya girma da shi ba a cire masa rana ɗaya, kuma in ka raba mara lafiya da mutanensa, ka raba shi da dalilin da zai so warkewa. Duk mai jinyar iyaye ko miji ko mata, don Allah ya fara tambaya me suka riga suka yi, ya ɗora a kai, abu ɗaya bayan ɗaya. Ni ban tambaya ba. Mahaifina yana kan hanyar samun sauƙi na same shi, kuma don ina son ya rayu na yi masa abin da na yi. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.