Inabin Tudun Kusada da Abin da Na Yi wa Audu Ƙofa

Har yau ban manta da ranar da Baturen gona ya sauke wani akwati a ofishinmu na Kankiya ba, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Lokacin ina malamin gona na En'e, ni ke zagaya ƙauyuka ina duba auduga da gyaɗa, in rubuta rahoto ƙarshen wata. A ƙarƙashina akwai helima, wato shugaban leburori, Audu Ƙofa, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Shi ne kuma ladanin masallacin garinsu Ƙofa, aikin da ya gada wurin mahaifinsa, kuma ya fi ji da shi fiye da komai.

Baturen, Mai Jan Kunne muke ce masa, ya buɗe akwatin sai ga wasu ƙirare naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce dashen inabi ne daga ƙasar kakannin matarsa. Ya kira ni da Audu ya nuna mana hoto: dutse tsaye kamar bango, an sassare shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu, mutane na hawa da kwanduna a baya. Ya ce a can ake matse wata jar giya da mutanen wurin ke tinƙaho da ita tun kaka da kakanni, amma shi a nan 'ya'yan kawai yake son a gwada, don ci.

Ya zaɓi wani tudu mai duwatsu tsakanin Kusada da ƙauyen Boko. Da ya tambayi wanda ya iya jera dutse ba tare da laka ba, aka ce Audu, don ya sha ɗaure bakin rijiyoyi. Shi ke nan fa, aka damƙa masa tudun kacokan, ni ko shawarata ba a nema ba.

Wallahi abin ya ci mini rai. Duk ranar da Bature ya zo rangadi, tudun zai nufa kai tsaye. Su tsuguna da Audu gwiwa da gwiwa, yana koya masa inda ake datse reshe da lokacin da ake hana ruwa, ni kuwa ina tsaye a rana da littafin rahoto ba mai waiwaya ta. Har almakashinsa na aljihu ya ba shi. A shekara ta biyu inabin ya yi nono-nono, Bature ya ce zai rubuta a mai da Audu mai kula da gonar gwaji, muƙami daidai da nawa. Ni da na yi shekaru a makaranta! Kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ranar kasuwar Kusada na zauna a rumfar wani tela mutumin Ƙofa, ana cikin hira na ce, "Kun dai san abin da ake yi da 'ya'yan itacen nan a ƙasar Turawa?" Na ba su labarin hoton nan tiryan-tiryan. Ƙarya ko ɗaya ban yi ba, sai dai na haɗiye maganar da Bature ya yi cewa inabin nan na ci ne kawai.

Mako bai zagayo ba magana ta game Ƙofa. Liman ya kira Audu, dattawa suka ce mai noman giya ba zai kira musu salla ba, ya dakata har a bincika. Da Bature ya ji, ya ɗauki tafinta ya je da kansa ya yi bayani, sai abin ya ƙara lalacewa, aka ce ga shi nan Nasara ya zo ceton yaronsa.

Ran Litinin da hantsi Audu ya shigo ofis, ya yi sallama, ya ajiye almakashin a kan teburina. Ya ce, "Malam, hoton nan mu uku muka gan shi. Bature kuma ba ya cin kasuwar Kusada." Na sunkuyar da kai ina juya takardu. Ya ajiye aiki ya koma gonarsa, yana fatan haka za ta sa a mayar masa da kiran salla.

Aka ba ni tudun da na ƙwallafa wa rai. Na yi masa irin rainon da muke wa albasa a fadama, taki jibgi, ruwa safe da yamma, datsa kuwa na ƙi, don ina tausayin ɗanyen ganye. Ganye ya yi shar, ɗa ko guda babu. Kafin a yi wa Bature canjin wurin aiki, saiwoyin duk sun ruɓe.

Bayan shekaru aiki ya kai ni Ƙofa, azahar ta riske ni a can. Muryar da ta kira salla ba ta Audu ba ce, ashe ba a taɓa mayar masa ba. Na same shi a sahun baya, gemu ya yi fari fat. Da ya gan ni ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Aka yi sallama ina son in roƙe shi gafara, amma na kasa, shi kuwa sai tambayata yake lafiyar iyali.

Ku da kuke cikin aikin nan yanzu, ku sani manomi yana ɗaukar maganar malamin gona da nauyi, don yana ganin littafi a hannunsa. Da wannan nauyin na raba bawan Allah da gadon ubansa, don kawai Bature ya tsuguna kusa da shi. Audu ya rasu ban roƙe shi ba.