Baba Ƙadri da Ƙiryar Gonarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga watan Maris na 1987, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Ƙadri masassaƙi a gidansa da ke Tchaké. Da la'asar muka kai shi makwancinsa. Ni Rufa'i ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma wallahi ban cancanta ba.

Baba, duk wanda ya ga farin 1984 ya san abin da ka yi wa garin nan. Gero bai yi ba, bisashe suka zube, itatuwa suka bushe a tsaye. Sai gwamnatin soja ta kawo tsari: kada kowa ya taɓa ɗanyen icce, amma wanda fari ya kashe a tara shi, a sassaƙa turmi da akushi da ƙotar gatari da bencin lakwal, wato makarantar boko, a ba masu aiki hatsi. Kai aka damƙa wa rumfar sassaƙar. Ko guntun da ya faɗo daga bakin gizagonka ba ka bari ya salwanta. In ya isa muciya ka yi muciya, in bai isa ba ka tara wa tsofaffin mata su hura wuta. Na tuna ranar da ka ba Ladi turmi, wadda mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, ka ce mata wai ya karkace, ba mai sonsa. Na ga turmin nan da idona, ba inda ya karkace.

Kafin a kada kowane icce sai ka je da kanka. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan gizago, ka kasa kunne, ka tone gindinsa, sannan ka shafa masa toka, alamar ya mutu. Mu kuwa muna yi maka dariya, muna cewa Baba ya tafi gaida mamata.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarar ina da ɗiya shida, rumbuna kuwa wayam. A gonarmu akwai wata ƙirya da kakana ya bari, ta tsallake farin da ganyenta. Na je da tsakar rana, lokacin da ba kowa a daji, na ɓare mata ɓawo zagaye a gindi, na rufe da rairayi. Da ganyen ya kaɗe ban jira tokarka ba, na kada ta, na ɗoro a amalanke zuwa rumfarka. Sara ɗaya ka yi mata, ka shinshina, ka dube ni.

"Rufa'i, wannan ba fari ya kashe ta ba."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ka tambaye ni ko yara sun ci wani abu jiya. Daga rabonka ka auna mini hatsi.

Bayan kwana uku ma'aikacin daji ya zo zagaye, ya taɓa iccen ya ji danshi. Ina tsaye a wurin da ya tambayi wa ya kada shi.

"Ni na shafa masa toka, ranka ya daɗe," in ji ka. "Kunnena ne ya tsufa."

Kwana arba'in ka yi a gidan kaso a Mayahi. Aka karɓe rumfar aka ba wani, ka dawo da tarin da bai sake ka ba. Da na zo in yi magana ka tare ni, ka ce, "Rufe bakinka. Ni na aurar da nawa. Kai in aka rufe ka, wa zai ci da naka?"

Na kuwa rufe. Shekara biyu ina ji ana cewa a kasuwa Ƙadri ma ya ci amanar daji, ina wucewa kamar ban ji ba. Tsoro ne, ba biyayya ba. Jiya a zaman makoki wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya yafe masa ɗanyen iccen nan." Jama'a suka amsa da amin, har da 'ya'yanka. Haba Baba! Wannan kam na kasa haɗiye ta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar gobe kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Sa'a, da 'ya'yanka Abdurrahamane, da Isufu, da Zara'u. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Na roƙi liman ya karanta takardar nan a gaban jama'a ranar addu'ar bakwai, washegari kuma zan kai kaina ga hukuma a Mayahi. Ku ci gaba da roƙa wa mahaifinku gafara kamar kowane bawa, amma ku cire iccen nan daga ciki. Ni na kashe shi.